Cin Zarafin da Ke Kwantar da Ma'aikatan Jami'a

A jami'a, cin zarafi ba kasafai yake zuwa da ihu ba. Shugaban sashe ne zai danne takardar ƙarin girman ƙaramin malami a aljihun tebur har wa'adi ya wuce, ko ya jibga masa kwasa-kwasai biyar alhali takwaransa na da biyu, ko ya yarfa shi gaban ɗalibai. Sakatarori da masinjoji sun fi kowa shan wuya, don ba su da bakin magana.

Jiki ne ke ɗaukar nauyin. Fargabar yau da gobe tana hana barci, hawan jini ya kunno kai, ciwon kai ya ƙi jin magani, mutum ya farka gabansa na faɗuwa don kawai gari ya waye Litinin. Wannan ciwon aiki ne, ba ragwanci ba. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta san da matsin ƙwaƙwalwa, kuma a 2022 Najeriya ta amince da yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya (ILO) mai lamba 190 kan cin zarafi a wurin aiki.

Wanda abin ya shafa ya rubuta komai ranar da ya faru: kwanan wata, lokaci, kalaman da aka faɗa, da waɗanda suka ji. Ya ajiye a gida, ba a kwamfutar ofis ba. Ya je asibiti a auna jininsa, a shigar a katinsa.

Inda ƙorafi ya fi mutuwa shi ne hanya, domin ƙa'ida takan sa takarda ta bi ta hannun shugaban da ake ƙara. Saboda haka a kai kwafi ofishin rajistara da na ƙungiya, ASUU ko SSANU ko NASU, a sa su buga hatimin karɓa a kan wanda zai zauna hannunka.