Ranar da na raka Kawu Samaru neman irin wake

Laraba, bayan isha'i.

Ko karin kumallo ban yi ba Kawu ya yi sallama. Ya ce tunda an yi mana hutun makaranta, in raka shi Samaru, don bana ba zai sayi irin wake a kwano a kasuwa ba. Bara sau bakwai ya goya jarkar feshi, amma tsutsa ta cinye furen, ta huda kwanson, abin da ya kai rumbu bai mayar masa da kuɗin magani ba. Maƙwabcinsa na gona kuwa, da ya shuka sabon iri na Samaru, sau biyu ya yi feshi, ya kuma fi shi samu. Tun kaka abin ke cinsa a rai.

Muka hau mota a Giwa. Da muka iso Shika na nuna masa asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, na kuma gaya masa a nan garin cibiyar binciken dabbobi ta jami'ar take, wadda ta fitar da kajin ƙwan nan da ake kira Shika Brown. Ya ce ya san kajin, bai taɓa kawowa a ransa cewa sunan garin nan ne a kansu ba.

A shagon iri, mai shagon ya sauko da leda mai rubutu a jiki: SAMPEA 20-T. Kawu ya jujjuya ta ya ce, “Malam, karanta mini.” Malam yake ce mini tun da na fara koyarwa, ko da yake shi ya goye ni ina yaro. Na ce masa farkon sunan, SAM, Samaru ke nan. Haka gyaɗa take SAMNUT, dawa SAMSORG, masara SAMMAZ, auduga SAMCOT, duk daga Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke nan kusa da inda muke tsaye. Cibiyar ma ta girmi jami'ar da shekara 40, domin a 1922 aka fara bincike a Samaru, jami'a kuwa sai a 1962 aka buɗe ta, zamanin Sardauna.

Nan Kawu ya fito da abin da ke ransa. Ya ji ana cewa an cusa wa waken wani abu daga waje, kuma in ka ajiye iri ba zai tsira baɗi ba. Ban ga laifinsa ba, mutum yana da haƙƙin sanin abin da zai zuba a tukunyar iyalinsa. Na faɗa masa iyakar gaskiya: an ɗauko ƙwayar halitta guda daga wata ƙwayar cuta ta cikin ƙasa, aka sa a waken, sai ya zama tsutsar da ke huda kwanso in ta ci ba ta rayuwa. Farfesa Mohammed Ishiyaku ne ya jagoranci aikin a nan, tare da masana na Ostireliya da wata gidauniyar fasahar noma ta Afirka, aka sake shi ga manoma a ƙarshen 2019 bayan shekaru ana gwaji. Iri yana ajiyuwa kamar kowane wake. Amma sauran ƙwari, irin masu tsotse kwanso, ba ruwansu da wannan kariya, shi ya sa feshi biyun nan ba ya faɗuwa. Ya yi shiru, sannan ya sayi leda biyu. Ya ce zai gwada a gefen gona tukuna. Ni ma da haka zan yi.

Daga nan muka shiga cikin jami'a wajen wani abokina da muka yi karatu tare, yanzu yana koyarwa a fannin kimiyya. Mun same shi ya haɗa kai da kwamfuta, wata mujallar ƙasar waje ta dawo masa da maƙalarsa a yi gyara karo na biyu. Ya yi mana bayanin yadda duniya ke auna jami'a: maƙala nawa malamanta suka buga, a wace mujalla, kuma sau nawa wasu masana suka kafa hujja da ita. Ƙarin girmansa ma a kan haka ya rataya. Na fahimci amfanin awon, domin binciken da tsaranka ba su tantance ba bai zama ilimi ba tukuna. Ya ambaci marigayi Farfesa Andrew Nok, wanda ya yi shekaru yana bin diddigin ƙwayar cutar sammore da ƙudan tsando ke yaɗawa, da yadda take ƙarar da jinin dabba, har ya ci kyautar kimiyya ta kamfanin iskar gas na NLNG a 2009. Ya kuma tuna mini da ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike da jami'ar ke da ita tun 2004, wadda ake auna sinadaran ƙasa da ma'adinai da abinci da ita.

Kawu yana zaune yana sauraro, hularsa a gwiwa. Sai abokina ya juya ya tambaye shi, “Baba, waken nan shi kaɗai za ka shuka, ko cikin dawa?” Kawu ya ce shi tun tasowarsa haɗawa yake yi, ko da yake akwai lokacin da malaman gona ke cewa hakan ƙauyanci ne. Abokina ya ce ai a nan aka wanke manoma daga wannan zargi. A ƙarshen shekarun 1960 wani masanin tattalin arziki, David Norman, ya shiga ƙauyukan da ke kewaye da Zariya shi da ma'aikatansa, suka riƙa rubuta aikin da kowane gida ke yi a gona da abin da ya girba. Lissafi ya nuna mai haɗa shuka ya san abin da yake yi: gumin da ya zuba ya fi biyansa, kuma in damina ta yi gardama ba ya tashi a tutar babu. Wannan aiki yana cikin abubuwan da suka sauya yadda ake binciken noma a ƙasashe da dama. Kawu ya mayar da hularsa ya ce, “To, ashe an rubuta.” Yadda ya faɗe ta har yanzu tana kunnena. Shekara nawa da yin binciken nan a kan mutane irinsa, sai yau labarin ya iso shi, shi ma a bakin hira. Wannan ya dame ni ƙwarai, kuma mu malaman makaranta muna da kaso a ciki. Shekara tara ina koyar da kimiyya, misalaina duk daga Turai, alhali Samaru tana nan ƙasa da tafiyar awa guda daga ajina.

Mun dawo gida bayan la'asar. Yau kwanan maiɗakina 12 da haihuwa. Na tarar Inna ta sauke tukunyar ruwan wanka, tana dama kunun kanwa. Na tsuguna kusa da ita na gaida ta da aiki, sannan na kawo maganar da na daɗe ina juyawa. Na ce a shekarun 1970 likitocin asibitin Zariya, cikinsu har da Eldryd Parry, sun lura masu jego da yawa na zuwa da kumburi da haki, zuciyarsu ta gaza, suka danganta abin da gishirin kanwa da tsananin zafin wanka da kwanciya a gadon wuta. Daga baya likitoci a Kano suka ɗora, suka nuna ƙarancin abinci mai gina jiki da hawan jinin ciki su ma suna da hannu sosai. Wancan binciken ne ya buɗe ƙofar wannan. Haka a asibitin na Zariya wani likita, Kelsey Harrison, ya bi haihuwa 22,774, aka buga sakamakon a 1985, ya nuna matan da ba sa zuwa awo su ne suka fi rasa rai wajen haihuwa.

Inna ba ta daina damawa ba. Ta ce, “Ni da kanwar na haife ku ku takwas.” Na ce haka ne Inna, Allah ya saka da alheri, roƙona kawai a rage kanwar, ruwan ma a bar shi ya huce kaɗan, kuma in an ga ƙafarta ta kumbura ko tana haki a gaya mini ko da tsakar dare ne. Ba ta ce to ba. Amma na ga ta ɓalli ɗan guntu ta mayar da sauran cikin ƙwarya.

Na roƙi Kawu in ya gama shuka ya ba ni ledar da babu komai a ciki, zan shiga da ita aji ranar da aka koma. Ya ce in an yi ruwa daren nan, gobe da sassafe zai fara.