Asabar a shago: ɗiyar Yaya tana son hawa dandali

Ankon bikin mako mai zuwa bai kai rabi ba, shi ya sa tun bayan sallar asuba na buɗe shago. Na yanka riguna, yara masu koyon aiki suka hau ɗinki da guga. Wajen ƙarfe goma ɗiyar Yaya ta shigo, ta gaishe ni, ta ɗauki almakashi tana jujjuyawa ba ta yanka komai ba. Na san da magana a bakinta.

"Tanti, in na nuna miki wani abu, ba za ki gaya wa Mama ba tukuna?"

Na ce ta nuna mini, alkawari kuwa sai na ga abin da idona. Sanarwa ce ke yawo a WhatsApp: gasar tallan kayan ƙawa ta talabijin, wai za a ɗauki ƴan mata daga Nijar, Benin, Burkina Faso, Mali da Najeriya, a tara su gida guda, kowane mako a sallami ɗaya. Babu sunan tasha, babu ofis, sai lambar waya da kuɗin rajista da umarnin a turo hotuna. Nan take na ce ko dala ba za ta tura ba, balle hoto. Duk mai son ɗaukar ɗiyar mutane ya tsallaka iyaka da ita, ya zo da sunansa da fuskarsa da takarda, ya zauna gaban iyayenta. Ba ta yi gardama ba, ta goge saƙon a gabana. Amma na ga abin da ke ranta ya fi sanarwar nan girma.

Dab da azahar aka ɗauke kuran, kekunan ɗinki na lantarki suka tsaya, aka bar mu da mai taka ƙafa guda ɗaya. Muka fito ƙarƙashin rumfa, ta buɗe mini shirin da ya sa mata wannan buri: Africa's Next Top Model, gasar masu tallan kayan ƙawa da aka nuna a talabijin a 2013. Ƴan mata 12 aka tara a birnin Cape Town na Afirka ta Kudu, daga ƙasashe irin su Najeriya, Ghana, Kenya, Yuganda, Angola da Mozambik. Mai gabatarwa Oluchi ce, ƴar Najeriya da ta ci gasar Face of Africa a 1998 tana yarinya. Tsarin kuwa na shirin Amurka ne da Tyra Banks ta fara a 2003: a ba su aikin hoto, alƙalai su duba, a kira sunaye ɗaya bayan ɗaya, wadda ba a miƙa wa hotonta ba ta je ta haɗa jakarta. Aamito Lagum ta Yuganda ce ta yi nasara, daga baya kuma ta taka manyan dandalin New York da Paris. Babu ƴar Nijar a ciki, kuma da Ingilishi ake komai, don haka ɗiyata ke fassara mini da ɗan abin da ta samu a lakwal.

Abu na farko da ya kama ni, aikin nan aiki ne. Ni tela ce, na san riga a kan maratayi ba ta gama zama riga ba. Sai an sa ta, an yi taku da ita, sannan za ka ga ko kafaɗa ta zauna, ko gindin siket yana bin ƙafa ko yana harɗe ta, ko shaddar tana karɓar haske. Na sha ganin ɗinkin da na kwana a kansa ya mutu a jikin mai tafiya a sunkuye, na kuma ga atamfa mai arha ta tashi don wadda ta sa ta ta san yadda ake juyawa. Yarinyar da za ta tsaya awa da awa cikin sanyi ko rana, kan dogon takalmi, ta riƙe fuska yadda mai hoto ke so, ba shashanci take yi ba. Masu cewa yawon banza ne ba su taɓa tsayawa bayan labule ana canza kaya cikin minti biyu ba.

Amma akwai abin da ya tsaya mini a wuya, kuma har yanzu da nake rubutu bai wuce ba. Kyamara ba ta tsayawa a wurin aiki. Tana bin su har ɗakin kwana, har wurin cin abinci, tana jiran wadda za ta fashe da kuka ko wadda za ta yi wa wata baƙar magana. A ɗauki kwana da kwanaki, a yanka, a haɗa, a fito da abin da zai riƙe mai kallo. Guda ɗaya ce ke samun kwangila, sauran kuwa an riga an sayar da hawayensu, kuma yana nan a intanet har ƴaƴansu su girma su gani. A Yamai, inda kowa ya san gidan su kowa, yarinyar da aka nuna tana faɗa a talabijin za ta daɗe tana biyan wannan bashi.

Sai kuma wanda ya fi damuna a matsayina na mai ɗinki. An tara ƴan mata daga ƙasashe daban-daban, na zaci zan ga kowace da irin ɗaurinta da irin takunta. Sai na ga ana goge bambancin ne, ana neman tsawo iri ɗaya, ƙugu iri ɗaya, kallo iri ɗaya, don ma'aunin na kasuwar Turai da Amurka ne. Ni kuwa shagona kaɗai ya ishe ni sanin arzikin maƙwabta. Shadda mai rinin Bamako tana kan teburina, ga saƙin faso dan fani na Burkina, ga aikin surfani irin na Kano, ga saƙin tera-tera namu na gida, ga fatar da maduka ke ƙawatawa a Tawa da Damagaram. Da za a yi gasar da ƴar Mali za ta fito da babbar rigarta, ƴar Najeriya da ɗaurin ashoke, tamu da azurfar Agadas a wuya, kuma a faɗi sunan masaƙi da marini da telan da suka yi kayan, wallahi da na rufe shago na zauna kallo. Gasar kyau ma ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. A bikin Gerewol samarin Wodaɓe ne ke jeruwa da kwalliya, ƴan mata su zaɓa.

Da la'asar na shiga Babbar Kasuwa neman zare da shafi, na tafi da ita. Alhajin da nake saye wurinsa tun ina koyon aiki ya dube ta ya ce, "Hajiya, wannan ɗiya taku ai ta fi ƙofar shagona tsawo." Da na ba shi labari sai fuskarsa ta canza, ya tuna mini shekarar 2000, lokacin da aka kawo FIMA, bikin nunin kayan ƙawa na Afirka, nan Yamai, aka yi zanga-zangar ƙin amincewa a nan da Maraɗi. Ban manta ba. Alphadi, mai zanen kayan ƙawa ɗan Nijar, shi ya fara bikin a 1998 a hamadar Tigidit kusa da Agadas, kuma daga baya, a 2016, hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta naɗa shi mai fasahar zaman lafiya. Na ce wa Alhaji damuwar mutane game da tsiraici ban raina ta ba, ni ma ba zan ɗinka wa ɗiyata abin da ba zan iya kallon idon ubanta da shi ba. Amma bikin nan ya buɗe wa matasan teloli da masu aikin fata da maƙeran azurfa ƙofa, kuma shi kansa Alhaji yadinsa ake yankawa. Ya yi shiru, ya ce Allah ya shirya mana zuri'a, ya rage mini jika ɗaya a kuɗin shafi.

Bayan magariba na raka ta gida, na sa ta faɗa wa Yaya da bakinta. Yaya ta ajiye ludayi ta ce, "Ke ce kike ɗaure mata gindi ko?" Na ce a'a Yaya, gara ta zo mana da maganar da ta ɓoye ta tura hotonta ga wanda ba mu sani ba. Na faɗi abin da na gani mai kyau da wanda na ƙi, ban rage komai ba. Na kawo shawara: karatunta na nan yadda yake. In tana so, ta fara da kayana, dogayen riguna da ɗan kwali, mu ɗauki hoto a shago ina tsaye, in biya ta kamar yadda zan biya wata. In wata rana gasa ta gaskiya ta zo, mai suna da ofis, a kawo takardar a karanta ta layi-layi, a san inda za su kwana, wa zai raka su, me za a sa mata, da inda aka hana kyamara shiga.

Yaya ba ta ce e ba. Ta ce maganar ta mai gida ce, sai ya dawo daga Doso ranar Talata, kuma in zo da kaina in maimaita masa. Na ce zan zo. Kafin in fito na ciro tef daga jaka na auna yarinyar, kafaɗa, hannu da tsawo, don akwai ragowar shadda ruwan toka da za ta yi doguwar riga. Ko an yarda ko ba a yarda ba zan ɗinka mata ita, amma sai anko ya fita daga hannuna.