Doka ta huɗu

Jiya na miƙa makullin kabad na bar cibiyar, bayan shekara huɗu ina koyar da ɓangaren Turanci na jarrabawar GMAT (ta masu neman digiri na biyu a fannin kasuwanci) a Abuja. Duk wanda muka yi aiki tare ya san takardar nan ta Oga, mai cibiyar, da ke manne a bayan ƙofar aji, mai dokoki goma na gyaran jimla, wato tambayoyin da ake ba ka jimla da zaɓi biyar ka fitar da wanda ya fi daidai. Ta huɗu cewa take yi: duk inda ka ga "which" bayan waƙafi, to kalmar da ke jingine da waƙafin yake siffantawa, kullum. Shekara biyu cur ina biya wa ɗalibai ita kamar karatun allo.

Na san dokar tana da rami. Sai dai a tsohon tsarin jarrabawar, ɓangaren Turanci tambaya 36 ce cikin minti 65, ko minti biyu-biyu ba su kai ba, don haka kowa gajeriyar hanya yake nema, Oga kuma da ita yake talla. Ni ma na ga ta fi sauƙin koyarwa.

Akwai wata ma'aikaciyar banki da ke zuwa ajin yamma bayan ta tashi aiki, tana neman gurbin digiri na biyu a Ingila. Wata rana ta tashi ta karɓi alli ta rubuta tata jimlar: "The letters of the emir, which were written in Ajami, are kept in Kaduna." Ta ce, "Malam, bisa dokarka sarkin ne aka rubuta da ajami ke nan? Ai 'were' jam'i ne, sarki kuwa ɗaya ne. Kuma 'which' ba ya komawa kan mutum." Aji ya yi tsit. Na ce, "Hajiya, ki bi doka kawai, a ɗakin jarrabawa ba a gardama." Ita ke da gaskiya, kuma tun ina tsaye na sani. "Of the emir" wutsiyar "letters" ce, ba inda za ka kai ta, saboda haka "which" yana iya tsallake ta ya koma kan wasiƙun. Girman kai ne ya hana ni cewa na yi kuskure a gaban mutum goma sha biyar.

Ta bi dokar. A gwaje-gwajen aji na sha ganin ta soke amsar da ke daidai don kawai "which" bai taɓa sunansa ba, ban ce uffan ba. Jarrabawar kuwa kwamfuta ce ke auna ka tana tafe: ka faɗi tambaya, ta sauko maka da mai sauƙi, makinka ya sauko tare da ita, kuma a wancan tsarin ba a komawa baya. Da sakamako ya fito, gyaran jimla ne ya ja ta ƙasa. Ga kuɗin rajista da dala ake biya, ga jiran kwana 16 kafin a sake zama, ga wa'adin makarantar ya matso.

Ta zo ofis da takardarta. Oga ya sa aka kira ni, a gabanta ya ce, "Malam, ni galibi na ce, ban ce kullum ba. Kai ne ba ka fahimci takardar ba." Takardar tana nan taku biyar daga inda muke tsaye, da "ALWAYS" da manyan baƙaƙe. Na haɗiye, na ce, "Allah ya huci zuciyarki, Hajiya." Ya yi mata alkawarin darasi shida kyauta. Ƙarshen wata na ga daga albashina aka cire kyautar.

A waɗannan darussa shida na fara koyar da abin yadda ya kamata, kuma da Hausa na fara. Na rubuta mata "motar malamin da ta lalace". Wa ya lalace? Mota, "ta" ta faɗa. Sai na rubuta "littafin malamin da ya ɓace". Ta yi dariya ta ce ko littafin ko malamin. To wannan shi ne ruɗanin da ake gwadawa, mu jinsi ne ke yawan fitar da mu, Bature kuwa sai ya dubi ma'ana, da tilo ko jam'i, da inda aka ajiye kalma. Haka kuma Bahaushe ba ya jin komai a "Walking to the market, the rain started", don a ransa "ina tafiya kasuwa sai ruwa ya sauko" yake ji. Amma "ina" ta faɗi mai tafiyar, "walking" ba ta faɗi kowa ba, sai ta kama sunan farko bayan waƙafi, ruwan sama ya zama shi ne mai zuwa kasuwa. Daga nan tambaya ɗaya na sa take yi wa kowane zaɓi cikin biyar ɗin: wa ya yi, kuma zai iya yi? Da ita muka warware irin su "Students who revise often pass", inda "often" ke kallon gabas da yamma lokaci guda. A zama na biyu ta samu makin da take nema. Oga ya sa sakamakon a Facebook ya ce albarkar dokoki goma ce.

Sauran darussan ba su da yawa. A gyaran jimla na tsohon tsarin, zaɓin farko maimaicin abin da ke cikin jimlar ne, sake karanta shi ɓata lokaci ne. Idan ɗalibi ya kama ka, ka amsa tun alli na hannunka. Umarnin mai cibiya kuwa, ka ɗauki hotonsa a waya.

Tun da sabon tsarin GMAT ya fito a Nuwamban 2023 aka cire gyaran jimla gaba ɗaya, tsohon kuma aka rufe shi a ƙarshen Janairun 2024. Ajina ya bushe, aka mayar da ni kan yaran SAT, jarrabawar neman shiga jami'a a Amurka, da wannan takarda dai a bayan ƙofa. Kafin in fita jiya na sa jan biro na soke "ALWAYS". Wanda zai gaje ni ya tambaya ko Oga ya sani, na ce masa ya je ya tambaye shi, wataƙila ya ce shi ya sa ni.