Wasiƙa daga Jamus zuwa ga matasanmu masu rubuta manhaja a Kumasi

Assalamu alaikum, 'yan'uwana na Aboabo da Asawase da Sabon Zango. Bayan gaisuwa mai yawa, ina rubuto muku ne daga Balin, inda nake aiki da wani kamfani mai ma'aikata a nan da Indiya da kuma Kumasi, kuma aikina shi ne rubuta abin da ake so manhaja ta yi tun kafin a fara gina ta.

Bara na rubuta cewa mai saye zai biya kuɗi ya sa adireshinsa. Abokan aikinmu na Balin suka fahimci katin banki da sunan titi da lambar gidan waya mai alƙaluma biyar, a kan haka aka yi wata biyu ana gini. Ranar da aka kai manhajar gwaji kasuwar Kejetia, sai wata hajiya mai sayar da atamfa ta ciro 'yar ƙaramar wayarta mai madannai ta danna *170#, domin ita biya a wurinta MoMo ne, wato biyan kuɗi ta wayar hannu, wanda MTN ya kawo Gana tun 2009. Da aka tambaye ta adireshi kuwa ta ce bayan masallacin Juma'a, daura da mai waake. Gaskiya ne an ƙaddamar da GhanaPost GPS, tsarin da ke ba kowane wuri lambar adireshi, a 2017, amma mutum nawa ne a unguwarmu suke riƙe da lambar gidansu a ka?

Kuskuren nawa ne, na amsa. Abin da ya fi damuna shi ne ƙannenmu biyu na Kumasi sun hango matsalar tun taron farko, suka yi shiru saboda tarbiyyar gida ta hana katse babba, alhali Bajamushe in ya ji shiru ɗauka yake an amince. Ga kuma agogo: Indiya tana gaban Gana da awa biyar da rabi, Jamus da awa biyu a lokacin zafinsu, don haka tambayar da aka jinkirta zuwa la'asar sai ta kwana ba amsa.

Roƙona gare ku, duk takardar buƙatu, wato bayanin abin da ake so manhaja ta yi, da ta iso hannunku, ku rubuta a ƙarƙashinta irin wayar da mutanenmu suke riƙewa, da yadda intanet take yankewa a cikin rumfunan kasuwa, da abin da zai faru da cinikin in an ɗauke wuta ana tsakiyar biya. Wanda kunya ta hana shi magana a taro, ya ɗauki hoton rumfar ya aiko kafin a zauna.

Naku,
ɗan'uwanku a Balin