Ranar da aka buɗe wa Baffa ido

Talata, ƙarfe 11 da wani abu na dare.

Yau ko leƙa kasuwar Mile 12 ban yi ba, yaron shagona na bar wa albasar, Allah dai ya sa bai karyar min da kaya ba. Sati biyu kenan da zuwan Baffa daga Kano, ciwon suga ya daɗe yana fama da shi, kwanan nan kuma ya fara cewa baƙaƙen Alƙur'aninsa suna masa hazo-hazo, shi ne na ce yau ko me za a yi sai mun ga likitan ido. Muna idar da asuba muka bar Agege amma duk da haka sai da muka tarar da layi har bakin ƙofa, Legas kenan, duk sammakonka wani a tafe ya kwana.

Wajen ƙarfe 10 nas ta zo ta ɗiga masa wani magani a ido biyun, ta ce mu jira kaman minti 30. Baffa ya ce yaji yake masa, ya yi ta matsar hawaye yana jan carbi. Can na juya zan masa magana sai na ga abin da ya tsinka min gaba. Ɗigon baƙin nan na tsakiyar ido ya buɗe ya yi faɗi har ya kusa cinye zagayen da ke kewaye da shi. Wallahi shekarata 34 ban taɓa lura cewa baƙin ido kashi biyu ba ne, mu da idonmu ke da duhu sai ka matso sosai kuma da haske sannan za ka ga akwai zobe mai ruwan ƙasa, akwai kuma ɗigo baƙi ƙirin a tsakiya.

Likitar Bayarabiya ce amma a Arewa ta yi bautar ƙasa, Hausarta ba laifi. Tana ganin fuskata ta yi dariya ta ce kar na damu, da gangan aka yi. Ɗigon nan ashe ba wani abu ba ne, rami ne kawai, ƙofar da haske ke bi ya shiga, baƙin da muke gani kuma don hasken da ya shiga ba ya dawowa ne. Zoben shi ne mai aikin, tsoka biyu ce a cikinsa. Ɗaya ta kewaye bakin ramin kaman zariyar wando, in haske ya yi yawa sai ta zuge, ɗayar kuma a jere take kaman wayoyin ƙafar keke, in duhu ya yi sai ta ja baya ƙofa ta wangale. Cikin rana faɗin ramin milimita 2 zuwa 4 ne, cikin duhu yakan kai har 8 ga mai ƙuruciya, tsofaffi nasu ba ya buɗewa haka. Maganin da aka ɗiga, tsokar nan mai kama da zariya ya kashe wa jiki na ɗan lokaci, don ita ta samu ta leƙa can bayan ido inda suga ke ɓata ƙananan jijiyoyin jini. Ta leƙa ɗin, ta ce an ɗan fara taɓuwa amma da sauƙi, a kula da suga a dawo bayan wata 6. Alhamdulillah.

Ta ja min kunne cewa sai awa 4 zuwa 6 kafin maganin ya sake shi, in nema masa baƙin tabarau. Ni kuma na ce to, na manta.

Muna fitowa tsakar rana Baffa ya dafe fuska da hannu biyu. "Innalillahi! Yaro, me suka yi min?" Na ce Baffa ku yi haƙuri ku riƙe kafaɗata. Haka na ja shi har bakin titi kaman ɗan jagora, rana na dukan gilasan motoci tana dawowa, shi kuma ƙofa a buɗe ba mai rufewa. A cikin danfo muna tsaye a gosulo na tsayar da mai tallan tabarau ta taga, ba ciniki ba komai na miƙa kuɗi. Dattijo da farin gemu da hula zanna bukar ga baƙin gilashi, har kwandasta sai da ya sara masa.

Bayan magariba aka ɗauke wuta kaman yadda aka saba, sai na tuna abin da likitar ta ce in gwada. Na kira autata na zaunar da ita a cinya, na sa tafin hannu a kan karan hancinta ya raba ido biyun, na haska tocilar waya a na dama kaɗai ina kallon na hagu. Ikon Allah, tare suka tsuke! Wanda haske bai taɓa ba shi ma ya zuge daidai da ɗan'uwansa, ko sakan ɗaya ba a yi ba. Saƙon ta wata jijiya yake tafiya ƙwaƙwalwa, umarnin ya dawo ta wata daban zuwa duka biyun, kai mai idon ba a ma shawarce ka ba. Sai yanzu na gane abin da ya sa lokacin da wani abokina ɗan acaɓa ya faɗi ya bugu a ka, abu na farko da likita ya yi shi ne ya ɗaga masa fatar ido ya haska tocila. In ɗaya ya tsaya a buɗe ya ƙi motsi to ana tsoron jini ya taru yana danne ƙwaƙwalwa. Ni a lokacin na zaci dubawa yake ko da sauran rai.

Sau uku na maimaita kafin maman yara ta ƙwace ta, wai zan kashe wa yarinya ido da gwaje-gwajena.

Muka fito tsakar gida muka shimfiɗa tabarma saboda zafi, na kashe tocila. Da farko ko tafin hannuna ban gani ba. Tsukewa ce ke da sauri, buɗewa a hankali take zuwa, kuma ita kaɗai ba ta isa, can bayan ido akwai ƙwayoyin da ke gani a duhu, su sai sun ɗau minti 20 zuwa 30 kafin su gama shiri. Kaɗan-kaɗan bokiti ya fito, igiyar shanya ta fito, sai ga fuskar Baffa. Ya ce su da a ƙauye haka suke dawowa daga isha ba fitila ba komai kuma ba mai tuntuɓe sai mai dundumi, shi kuma hanta ake ba shi. Na ce Baffa ai kun yi daidai, ƙwayoyin nan da bitamin A suke aiki, hanta kuwa cike take da shi, haka manja da karas. Ya ce oho dai, su hanta suka sani.

Muna cikin wannan daɗin maƙwabcinmu ya tada janareto, ƙwan ƙofarsa ya dallo mana, duk abin da ido ya tara cikin rabin awa ya tafi nan take. Kyanwar gidan ta gifta ta ƙarƙashin ƙwan, nata ramin ya koma siririn layi a tsaye kaman an tsaga da reza. Baffa ya ce na akuya da tumaki kuma a kwance yake, shekara 40 yana kiwo ya sani, ni da nake zuwa Alaba Rago sayen rago duk Sallah haƙora kawai nake dubawa.

Yanzu ya yi barci. Kafin ya kwanta na haska idonsa, zariya ta dawo aiki, amma tabarau ɗin ya ce ba zai bayar ba, yana can a kan Alƙur'aninsa, wai da shi zai je Juma'a.