Takardar ɗigo a gidan ruwan leda

Shekara ta bakwai ke nan ina ɗura ruwan leda a Damagaram. Inji ɗaya gare ni, da ma'aikata shida, da amalanke biyu da ke zagaya Zango da Birni da Sabon Gari, ranar Alhamis kuma su wuni a bakin Kasuwar Dole. Masu sayen kayana yawanci mata ne masu firji a cikin gida, su sanyaya, yara su fita talla, leda ɗaya dala biyar.

Matan nan sun san nauyin leda a tafin hannu fiye da ni. Da an kai musu mai rama, kafin azahar saƙo ya iso: "A gaya wa Alhaji ruwansa ya fara ƙwauro." Ni kuma sai in shiga ɗakin inji da faɗa, in ɗauki leda ɗaya in jinjina, in murɗa maɓallin da ke ƙara lokacin zubo ruwa. Washegari ledoji su cika fam, bakin ya ƙi kamuwa sosai, a jera fakiti a amalanke na ƙasa su farfashe. In dawo in rage. Haka na yi shekaru ina kai gwauro ina kai mari, kuma duk laifin a kan yaron da ke tsaye gaban inji nake ɗora shi.

Ɗan ƙanwata ne ya raba ni da wannan. Yana karatu a Jami'ar André Salifou, da hutu yakan zo ya riƙe mini lissafi. Ya kwana biyu yana kallona, sannan ya ce, "Kawu, ina roƙon alfarma ɗaya. Kwana biyar kada kowa ya taɓa maɓallin nan, har da kai." Na ce to, ina dariya a ciki.

Ya sayo ƙaramin sikeli mai batir da kaye mai gida-gida. Sau biyar a wuni a ɗauki leda biyar a jere yadda suka faɗo daga inji, ba zaɓe, a auna kowace. A rubuta abu biyu: matsakaicin nauyin biyar ɗin, da ratar da ke tsakanin mafi nauyi da mafi rama. Kwana biyar suka ba mu awo 25. Da ya haɗa, matsakaicin duka ya tashi giram 503, matsakaiciyar rata kuma giram 12. Ya ninka 12 da 0.577, wata lamba da aka tanada musamman don mai ɗaukar biyar-biyar, ya samu kusan 7. Ya ja layi uku a takarda: 503 a tsakiya, 510 a sama, 496 a ƙasa. A ƙasan shafin ya yi wa ratar nata layukan. Daga nan kowane awo sai a ɗiga masa ɗigo da biro. Yana da sunan da ya kira ta da Faransanci, amma yarana suka sa mata takardar ɗigo, kuma sunan ya bi ta.

Bayanin da ya yi mini a ranar shi ne abin da ya zauna mini. Ya ce babu injin da ke fitar da abu biyu daidai wa daida. Ɗan sama da ƙasan da ke tsakanin layukan nan halin injin ne, kamar yadda mudu biyu na gero daga hannun mai awo ɗaya ba sa zuwa ɗaya ƙwaya da ƙwaya. In ka ga leda ta ɗan rame ka ƙara, alhali ta gaba da kanta za ta cika, to ka ɗora naka hawa da sauka a kan na injin. Wato rabin ɓarnar da nake yi wa yaro faɗa a kai, hannuna ne. Wanda ya kamata a tashi tsaye a kansa shi ne baƙon abu: ɗigo ya tsallake layi, ko ɗigo takwas su jeru a gefe ɗaya na layin tsakiya.

Ya ce dabarar ta kai shekara ɗari. Wani Ba'amurke, Walter Shewhart, ne ya zana ta farko a 1924, yana aiki da masu ƙera kayan tarho. Daga baya wani Ba'amurken, W. Edwards Deming, ya koya wa masu masana'antun Japan ita a 1950. Na ce masa mutanen da ke ƙera mota ina ruwansu da mai ledar dala biyar. Ya ce sikeli bai san girman kamfani ba.

Mako na uku takarda ta yi magana. Kullum da safe ɗigo na yawo sama da ƙasan layin tsakiya, amma daga azahar sai su gangara, su kwana ƙasa. Ba su fita layi ba, sai dai jerin ya yi yawa. Muka bi sawu. Kowa a garin nan ya san yadda ruwa yake da bazara: gari ne a kan dutse, daga nesa ake jawo mana shi, famfo kan zo da dare ya ɗauke da hantsi. Babban tankina kan cika da asuba, zuwa la'asar ya koma kwata. Tanki cike na turo ruwa da ƙarfi, in ya yi ƙasa turin ya ragu, inji kuwa lokaci kawai yake ƙirgawa, bai san nawa ya shiga leda ba. Ashe ƙorafin matan nan duk a kan kayan yamma ne, ni kuma da safe nake zuwa in ƙara.

Mai gyaran famfo ya ɗora mana ƙaramin tanki a saman inji, da ƙwallon nan mai toshe ruwa in ya kai iyaka, yadda tsayin ruwan ba ya canzawa duk wuni. Kuɗin bai kai abin da nake asara a fashewar mako biyu ba. Rata ta sauko daga 12 zuwa 7, muka sake lissafi, layuka suka matso: 498 da 506.

Akwai kuma lokacin da ɗigo ɗaya ya haura sama, muka duba kaye muka ga daidai sa'ar da kuran ya ɗauke aka tada janareta ne. Tun daga nan in an canza wuta, ledojin farko gefe ake ajiye su sai an auna. Sabon naɗin leda in ya zo daga Kano ma ana rubuta ranar a gefen takarda.

Ba zan ɓoye ba, an taɓa yi mini wayo. Wani mako na ga ɗigo sun kwanta lif a kan layin tsakiya kamar an jera su da zare. Kyan ya yi yawa. Na tsaya na auna da kaina, lambobi suka fito daban. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Maigida, tsoro na ji kada ka ga ɗigo a ƙasa ka zaftare mini kuɗi." Ban iya yi masa faɗa ba, don ni na koya masa tsoron. Na tara su na ce ɗigon da ya fita layi ba a cire wa kowa ko dala a kansa, wanda ya fara nuna mini shi ma yana da goro.

Takardar nan, nauyi kawai ta sani. Tsabtar ruwa ba ta cikin aikinta, wannan na abin tace ruwa ne da wankin tanki da kai ruwa gwaji. Layukanta kuma na matsakaicin leda biyar ne, leda ɗaya tilo tana iya wuce su ba tare da komai ya lalace ba, abin da ya ɗauke ni wata guda kafin ya shiga kaina.

Yanzu ɗan ƙanwar tawa ya matsa sai mun buɗe takarda ta biyu, ta ƙirga ledojin da ke yoyo a cikin kowane ɗari. Na sayi kayen, yana cikin aljihun tebur, ina jiran ya gama jarrabawa ya zo ya ja layukan.