Kyamara Biyu a Hanyar Tawa

Ranar Laraba bayan la'asar na je shagon wani abokina mai ɗaukar hoto a Yamai, tikitin motar Tawa na cikin aljihuna. Bikin ƙanwata za a yi a ƙarshen makon, ni kuma na kusa shekara biyu ina tara kuɗi don in sayi kyamara tawa ta kaina, in huta da hoton waya. Kuɗi sun taru, zuciya ce ta rabu biyu.

Ya ɗora mini guda biyu a kan tebur, duka na hannu ne, duka kuma na sayarwa. Ɗaya ƴar mitsitsiya ce, Sony RX100 III, ba ta fi sabulun wanki girma ba, nauyinta giram 290. Ɗayar Sony A7 III ce, irin wadda masu sana'ar ke kira ful-firem marar madubi. Gangar jikinta kawai giram 650 ce, in an ɗaura mata babban ido, wato gilashin gaban kyamara, irin na zum mai jawo abu kusa, milimita 24 zuwa 70, sai ta kai kilo ɗaya da rabi.

Na ce masa ni dai ban gane abin da ya sa kuɗin ɗaya zai ninka na ɗaya har sau uku ba, tunda ƙarama tana da megafiksel 20, babba 24. Sai ya yi dariya, ya murɗe idon babbar ya cire, ya nuna mini wani ɗan faifai mai ƙyalli kamar bayan ƙwaro a can ciki. Ya ce wannan shi ne sansa, shi ke karɓar haske, kuma kuɗinka a nan suke. Na babbar wajen milimita 36 ne da 24, girman fim ɗin da iyayenmu suka yi hoto da shi, shi ya sa ake ce masa ful-firem. Na ƙaramar 13.2 ne da 8.8, duk da ana ce masa inci ɗaya. In ka lissafa faɗinsu, babban ya ninka ƙaramin sau bakwai da ɗoriya. Ya ce, "Ka ajiye ƙwarya da ludayi a tsakar gida ana ruwa. In ruwan mai ƙarfi ne duka za su cika. In yayyafi ne fa?"

Batun madubi kuwa, kyamarorin da muka saba gani a wuyan masu hoton biki suna da madubi a ciki wanda ke tura hoto zuwa idon mai ɗauka, in an danna ya ɗaga sama ya ba haske hanya. Shi aka cire a irin wannan babbar, aka sa ɗan allo a gurbinsa. Sony ta fito da A7 ta farko a 2013, Canon da Nikon suka biyo da nasu ful-firem marasa madubi a 2018. Jikin kyamara ya rage ƙiba, amma ido yana nan da nauyinsa, don faifai babba sai gilashi babba.

Da ya ga na tsaya ina jujjuya su, sai ya zuba su duka a jaka, ya ƙara da wani ƙaramin ido na milimita 50. Ya ce in tafi da su, wadda ta kwanta mini in biya in na dawo. Abu ɗaya ya ja mini kunne a kai: hunturu ne, kada in kuskura in cire ido a fili.

Mun bar tasha bayan sallar asuba, sanyi na shiga har ƙashi. Daga Yamai zuwa Tawa wajen kilomita 550 ne, kuma duk tsawon hanyar nan jakar tana kan cinyata, don ban yarda a sa kayan mutane a ƙarƙashin mota tare da buhunan shinkafa ba. Kafin mu kai Dosso ƙafata ta dama ta yi sanyi ƙalau. Ƙaramar kuwa tana aljihun gaban rigata, har na manta da ita, sai da rana ta fito cikin hazo, ja wur kamar garwashi, na zaro ta na ɗauka ta taga. Dattijon da ke kusa da ni bai ko waiwayo ba.

A wani shinge aka ce kowa ya sauko da katinsa. Da aka buɗe jakata aka ga babbar, tambayoyi suka fara: ɗan jarida ne kai? Wa ya aiko ka? Ina za ka? Na nuna katin gayyatar biki, aka duba hotunan da ke ciki, aka sallame ni cikin mutunci, amma mota guda ni take jira, kuma na ga yadda fasinjoji ke kallona da na hau. Ta aljihu ba wanda ya tambaye ta. Ko da wace iri kake tafe dai, wurin masu kaki ba wurin hoto ba ne, wannan kowa ya sani.

Dogon Dutsi ce ta ja mini. Wanda ya taɓa bin hanyar ya san jajayen duwatsun nan masu shafaffen kai da ke tsaye bayan gari. Direba ya ba mu minti goma. Na ga ashe idon 50 ne a jikin babbar, ga dutse ya ƙi shiga gaba ɗaya, sai na tsuguna a gefen titi na cire shi na ɗaura na zum. Iska na kaɗawa, wata babbar mota ta wuce ta bar mana ƙura. Abin bai fi daƙiƙa goma ba. Na tsuke ƙofar haske zuwa f/11 yadda aka koya mini don komai ya fito tar, na ɗauki wajen goma sha biyar, na koma mota ina jin kaina wani gwani.

A Ƙonni muka ci abinci, muka yi azahar, ga buhunan albasa jibge a bakin hanya ana lodi. Daga Tsarnawa muka karkata arewa, ƙasa ta fara canza launi, dutse da jar ƙasa irin ta Adar, muka ratsa Badagishiri. Ana kiran la'asar muka shiga Tawa.

Kaka tana kan tabarmarta a ƙofar ɗaki, inda na bar ta shekara uku da suka wuce. Na durƙusa na gaishe ta, ita kuwa idonta na kan abin da ke rataye a wuyana.

"Kai mijin nawa, mi ka ɗauko haka kamar taɓarya? Wanga abu ka tara ma kuɗi, ni ko zane ba ka sawo mini ba?"

Na ce, "Kaka, na aro ne."

Ta ce, "To, kayan aro ba ya rufe katara."

Washegari aka shiga hidima, a nan kuma na ga abin da ba a faɗa mini a shago ba. Da zarar na ɗaga babbar, gida ya canza. Matan da ke daka su ajiye taɓarya su gyara ɗankwali. Kawu ya miƙe ya gyara zaman hularsa, ya haɗe fuska kamar za a yi masa hoton katin ɗan ƙasa. Yara kuwa su yi mini zobe, "Mai hoto, ɗauke ni! Mai hoto, ni ma!" Har wata baƙuwa ta tare ni tana tambayar nawa nake wanke guda. A gidanmu, inda aka yanke mini cibiya, na koma mai hoto. Hotunan suna da kyau, babu ƙarya: fuska ta fito tas, bayanta ya narke kamar man shanu, ko zaren aikin wuyan riga ana ƙirgawa. Sai dai duk mutanen da ke ciki tsaye suke ƙiƙam suna jiran a ce an gama.

Da wuyana ya gaji, na kulle ta a akwatin Inna, na fito da ƙaramar. Ba wanda ya ɗauke ta da muhimmanci, wasu ma sun zaci tsohuwar waya ce. Na zauna a kan turmi kusa da murhu, tana kan gwiwata, na ɗaga ɗan allonta ina kallo daga sama. A haka na samu Gwaggo tana tuƙa tuwo da hannu biyu, tururi ya rufe rabin fuskarta, bakinta buɗe tana yi wa wata faɗa. Na samu hannun amarya a kan cinyar mai lalle, da wata ƴar yarinya da ta sa yatsa a ƙwaryar fura tana waige-waige. Na samu Inna ta juya baya tana share ido da gefen mayafi lokacin da aka fara fito da kayan ɗaki. Wannan hoton har yau ban nuna mata ba.

Zuwa yammacin Asabar, bayan an ɗaura aure, na riga na yanke hukunci a raina: ƙarama ce tawa. Sai dare ya zo da tasa maganar.

Bayan isha'i aka ɗauke wuta. Za a kai amarya, aka kawo ta wurin Kaka ta yi mata nasiha. Fitila ɗaya ce a ɗakin, ƴar ta caji, an ajiye ta a ƙasa gefen gado. Kaka ta riƙo hannun yarinyar da hannayenta biyu, tana magana ƙasa-ƙasa, hasken na bugun gefen fuskarta, tsagen kumatunta da kowane layi na tsufa sun fito. Na danna ƙaramar. Abin da ya fito duk tsaki-tsaki ne kamar an watsa gero a kai, hannun Kaka ya zama inuwa. In na kunna filasha kuwa na kashe abin da nake gani, kuma na katse tsohuwa a tsakiyar magana. Da gudu na je na buɗe akwatin Inna a cikin duhu, na lalubo idon 50 na ɗaura, na buɗe shi har f/1.8, na kai ISO, wato ƙarfin jin haskenta, zuwa 6400, na sa ta a yanayin da ba ta ƙara. Na tsaya a bakin ƙofa na ɗauki uku.

Na biyun shi ne hoto mafi kyau da na taɓa ɗauka a rayuwata. Ana ganin jijiyoyin bayan hannun Kaka, da baƙin lallen amarya a tsakanin yatsunta, da ɗigon hawaye guda da ya tsaya a haɓar yarinyar bai faɗo ba. Duhun da ke kewaye da su baƙi ne sumul, ba tsaki ko ɗaya. Yayyafin da abokina ya faɗa ke nan, ƙwarya ta tara, ludayi ya tashi a banza. Daren nan na daɗe ban yi barci ba, ina ta sake lissafin kuɗina.

Lahadi ranar kasuwar Tawa ce. Na tsaya gaban akwati na ɗan lokaci, sannan na sa ƙaramar a aljihu na fita, don na san ba zan iya kutsawa cikin cunkoson nan da kilo ɗaya da rabi a wuya ba. Buzaye da rawunansu, Fulani da sandunansu, masu gishiri, masu tabarmi, dukawa da takalma. Duk wanda zan ɗauka sai na yi sallama na nemi izini. Wani mai sayar da akala ya ce in dai da wannan ƴar abar ce, bismilla, bai ma daina cinikinsa ba. Wani dattijo ya ce a'a, na ba shi haƙuri na wuce. Kafin azahar batir ya mutu, laifina ne, ban yi caji ba. Ɗan batirin nata hoto wajen 320 aka ƙiyasta masa, na babbar ya haura 600, wanda zai sayi ƙarama sai ya haɗa da na biyu. A hanyar komawa na bi ta gefen filin kokowa. A garin nan aka fara gasar kokowa ta ƙasa, wadda ake cin takobi, a 1975, kuma na raya a raina cewa ranar da zan zo kallon kokowa, duka biyun nan ba za su kai ni tsakiyar fili ba sai da dogon ido, wanda shi ma wani kuɗin ne, kuma babbar kaɗai ke karɓar sa.

Da dare na juye komai a kwamfutar ƙanena. Ƙaramar ta ɗauki hoto 412, babbar 96. Da na buɗe na Dogon Dutsi sai gabana ya faɗi. A sararin sama, sama da dutsen ta hannun hagu, ga wasu ɗige-ɗige guda huɗu masu duhu, da wani kamar silin gashi. Na buɗe na gaba, suna nan a wurin. Na gaba ma haka. Ƙurar babbar motar nan ce ta zauna a kan faifai. A hoton Kaka ba ta fito ba, don ƙofar haske a buɗe take, sai an tsuke ta ne datti ke bayyana.

Da na koma Yamai na faɗa wa mai kaya gaskiya tun kafin in zauna. Bai ce komai ba. Ya kifa kyamarar, ya hura mata iska da ƴar robar nan mai kama da jan goro, uku suka tafi, sauran sai da ya sa tsinken shafa da ɗigon magani, yana riƙe numfashi. Sannan ya ce kada in ɗauka ƙaramar ta fi ƙarfin ƙura. Idonta ba ya ciruwa, gaskiya ne, amma yana shiga yana fita, kuma ranar da ƙura ko yashi ya samu hanya, ba hurawa, sai an kwance ta gaba ɗaya.

Na nuna masa hoton Kaka. Ya daɗe yana kallo, ya ce, "To ai magana ta ƙare, babbar za ka ɗauka."

Na ce a'a, ƙaramar. Ni ba sana'a zan yi ba. Dare irin wancan sau nawa zai zo mini a shekara? Amma murhun Gwaggo da kasuwa da tagar mota kullum suna nan, kuma na ga wadda hannuna ke kai wa in ba wanda ya tilasta ni. Ya girgiza kai, ya ce ya ga masu sayen babba su ajiye a gida, ya ga masu sayen ƙarama su dawo bayan wata shida suna cizon yatsa, bai san cikin waɗanne zan faɗa ba. Muka yi ciniki, ya haɗa mini da batir na biyu, ya ce ranar da wani bikin ya taso in zo in ari babbar, da sharaɗin in bar mata ido ɗaya tun daga Yamai har in dawo.

Cikin canjin da ya rage na wanke hoton babba, aka sa shi a gilashi, na haɗa da turmin atamfa na ba direba ya kai Tawa. Bayan kwana biyu Inna ta kira, ta miƙa wa Kaka wayar. Zanen ya yi, ta sa albarka. Hoton kuwa ta sa an rataye shi, amma tana da ƙara: na ɗauke ta da tsohon kallabi, ban ko ce ta gyara ba. In na tashi dawowa, in zo da taɓaryar nan, in kuma faɗa mata tun da rana don ta yi shiri.